Yamma Tamu Gwanja Ce

Yaran gidanmu a Kalgo ni nake koya musu tarihi bayan sallar Magariba. Littafin da ke hannuna ya kai mu Kalifoniya, inda aka tsinci zinariya a 1848, jama'ar Amurka suka yi ta kwarara yamma. Yaran suka saurara, amma babu wanda ya yi tambaya.

Sai na ajiye littafin na ɗauko Gwanja. A zamanin da Gwandu ke riƙe da yammacin daular Usmaniyya, ayarin fatake kan bi ta Jega, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi. Su haye Kwara, su ratsa Bargu, su yi watanni kafin su kai Salaga a ƙasar Gwanja. Goro suka fi nema. Zinariyar Asante ƙari ce. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu na zangon Kumasi har yau.

Nan fa tambayoyi suka ɓarke. Ƙaramar ta ce, "Baba, wa yake ciyar da matan da aka bari?" Babban kuwa Djado ya kawo, can arewacin Nijar, inda samari suka ruga haƙar zinariya a 2014. Ya fi ni sanin hanyar, abin da bai yi mini daɗi ba.