Me Bature ke nufi idan ya ce ka je ka taɓa ciyawa?

Duk mai leƙa muhawarar masu Turanci a X ko TikTok da wuya a ce bai ci karo da kalmomin nan biyu ba: "touch grass". Mutum ya kwana yana zuba raddi a kan wani fim ko ɗan ƙwallo, sai wani ya jefa masa su ya wuce abinsa. A lafazi an ce ya taɓa ciyawa ne. A ma'ana kuwa an ce ya ajiye waya, ya buɗe ƙofa, ya ga rana da mutane, don zaman intanet ya fara karkata masa tunani. Maganar ta bazu a 2020 da 2021, lokacin da korona ta kulle jama'a a ɗaka, kuma a 2024 ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya shigar da ita cikin sababbin kalmominsa. A ganina tana ɗauke da gaskiya mai nauyi, kuma gaskiyar ta ma'auni ce: wanda ya daɗe da kafa wa allo ido, tsakuwa takan zame masa dutse, fita waje ce ke mayar wa kowane abu girmansa na asali.

To, me ya kawo ciyawa? A unguwannin gefen biranen Amurka da Ingila, gida yakan zo da ɗan fili a gabansa, shimfiɗe da koriyar ciyawa da ake yi wa ban ruwa, ana aske ta da inji, irin wanda Edwin Budding ya ƙirƙiro a Ingila a 1830. Taku uku daga bakin ƙofa ka taka ta. Nan zafin maganar yake: abin da ka rasa yana ƙofar gidanka, amma ka kasa zuwa. Shi ya sa fassara ta kalma da kalma ba ta zauna a bakin Bahaushe. A wurinmu ciyawa abincin dabbobi ce, ko abokiyar gabar manomi da yake bi da fartanya. Da damina maɓoyar maciji, da kaka ga ƙarangiya tana maƙale wa ƙafar wando. Wanda aka ce wa ya je ya taɓa ta zai ɗauka an haɗa shi da awaki ne. Abin da muke da shi shi ne "je ka sha iska" ko "tashi ka miƙe ƙafa", kuma waɗannan sun fi kusa da wata tsohuwar maganar Turanci, "get some fresh air", wadda cikin tausayawa ake faɗa wa wanda ya gaji ko ya fusata. Ita sabuwar yawanci baƙo ake jefa wa, kuma da tsawa take zuwa.

Wani zai ce ai rashin kunya ce kawai da gudun hujja. Sau da yawa haka ne, ba na musu. Mutum ya kawo magana mai tushe a kan zalunci ko tsadar rayuwa, wanda ya rasa amsa sai ya ce masa ya fita waje, ya mai da shi kamar mai taɓin hankali. Akwai kuma wanda ciwo ko naƙasa ko rashin tsaro ya tsare a gida, wayar nan ce tagarsa. Faɗa masa haka mugunta ce. Sai dai don an sari mutum da gatari ba a cewa gatari ba ya faskara itace. Inda maganar ta dace a fili yake: wanda ya yi kwana uku yana zagin mutumin da bai taɓa gani ba saboda jimla guda, alhali abincinsa ya huce a gefensa.

Wani kuma zai ce intanet ma ai rayuwa ce, can ake ciniki, ake karatu, ake tara wa mara lafiya kuɗin magani. Gaskiya ne, amma jiki bai koma can ba. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa wani bincike a mujallar Science a kan waɗanda aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibitin jihar Pennsylvania: waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo barin asibiti, kuma ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi kamarsu ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Exeter sun duba bayanan mutane kusan 20,000 a Ingila, suka ga masu samun minti 120 a mako cikin itatuwa da filaye sun fi bayyana kansu da ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Wannan na biyun alaƙa ya nuna, bai tabbatar da sababi ba, tunda mai lafiya ne ya fi iya fita. Duk da haka, biyun sun fuskanci alƙibla ɗaya.

Ga mai koyon Turanci, ya kiyaye wurin amfani da ita. Magana ce ta sa'o'i da abokan wasa. Ba a rubuta ta ga malami, ko shugaban wurin aiki, ko wanda ya girme ka. Inda ta fi yi mini daɗin ji shi ne idan mutum ya juya ta kansa, ya rubuta cewa yana buƙatar ya taɓa ciyawa, ya kashe data bayan la'asar, ya zura takalmi ya nufi majalisa. A nan ne ta yi daidai da namu "bari in ɗan sha iska".