Gwangwanin Kuɗin Ƙetare

Ran nan wani yaro na ajinmu ya kawo mana gwangwani cike da kuɗin ƙarfe na ƙasashen waje, gadon mahaifinsa. Ya ce uwarsa na so a sayar a biya masa kuɗin makaranta. Muka zube su bisa tebur, muka ware. Ga faran na Faransa da aka daina ciniki da shi a 1999 zuwa 2002, ga kwabon Ingila, ga liyari guda mai shekarar 1780.

Yaro ya ƙwallafa rai ga liyarin. Muka ba shi haƙuri, don an yi ta buga shi da wannan shekara ɗaya fiye da ƙarni biyu, darajarsa ta azurfarsa ce. Masu sha'awar tara irin waɗannan kuɗi ƙaranci suke saye, da lafiyar kuɗin. Kwabon Ingila na 1933, wanda aka buga bai kai goma ba, shi ya sa yake tsada. Na gwangwanin kuwa miliyoyi aka buga.

Muka hana shi goge su, gama guga na rage daraja. Liyari ya tafi gun maƙerin azurfa, ya biya rabin bukata. Sauran suna ajinmu, muna koyon labarin ƙasa da su.