Rumfar Tarho Ta Faransa Da Darasin Auna Magana

'Yan'uwa marubuta, na san wani zai ce ina ruwan mujallar adabi da rumfar wayar tarho, ballantana ta ƙasar Faransa. To, a yi mini haƙuri kaɗan, domin a tarihin wannan 'yar rumfa na tsinci wani darasi da ya shafi alƙalaminmu.

Tun a shekarar 1923 wani kamfani mai suna Taxiphone ya sami izinin kafa wayoyin da ake biya kafin a yi magana, akasari a gidajen shan gahawa. Daga baya aka saba da wani ɗan ƙarfe mai kama da kwabo, wanda suke kira jeton. Mutum zai saye shi wurin mai kanti, ya jefa a akwatin, ya buga lamba, in an ɗauka ya danna maɓalli kafin a ji muryarsa. Bayan wannan sai rumfunan gilashi masu karɓar tsabar kuɗi suka bazu a bakin tituna, musamman a shekarun 1970. Amma inda kuɗi suka kwana, ɓarawo ba ya nisa. Aka dinga fasa akwatunan, har ya zamana mai neman waya sai ya zaga rumfa biyu ko uku kafin ya dace da mai aiki.

Maganin ya zo ne daga ƙirƙirar wani Bafaranshe, Roland Moreno, wanda a 1974 ya yi rajistar kati mai ɗauke da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara sayar da katin waya da suke kira télécarte a gidan waya da kantunan taba, mai awo 50 ko mai awo 120. Da babu kuɗi a akwati, sai ɓarawo ya rasa abin fasawa. Zuwa 1997 rumfunan sun kai wajen 300,000 a faɗin ƙasar, kuma doka ta tilasta a ajiye aƙalla guda a kowace ƙaramar gunduma.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗan allon da ke jikin wayar katin. Kana magana, yana nuna maka yadda awonka yake zagwanyewa. Ga kuma masu jira a waje suna leƙenka ta gilashi. Wanda ya shiga wannan rumfa ba ya shiga sai ya shirya abin da zai faɗa. Ya san wace magana ce za ta zo farko, wace ce kuma za a iya bari in katin ya ƙare.

Yau kuwa in na karanta rubutun ɗalibaina, kai har da wasu littattafanmu da ke kasuwa, sai in ga shafi uku sun wuce ana gaishe-gaishe da siffanta falo da kujeru, labari bai ko ɗaura takalmi ba. Mun manta cewa mu ma da kati muke magana, katin kuwa shi ne haƙurin mai karatu. Bambancin kawai, namu ba shi da allon da zai gargaɗe mu. Ranar da ya ƙare, mai karatu zai rufe littafin ba sallama, mu kuwa muna can muna ta zuba, babu kowa a kan layi. Ba ina cewa a guntule labari ba ne, domin akwai zancen da ya cancanci awo 120. Abin nufi, kowace jimla ta biya kuɗin zamanta.

Wayar salula ce ta kashe kasuwar rumfunan. A 2015 aka yi dokar da ta sauke wa kamfanin Orange, wato tsohon France Télécom, nauyin kula da su, kuma zuwa ƙarshen 2017 an tumɓuke kusan dukkansu. Wasu garuruwa sun riƙe nasu, suka sa musu kantoci suka mai da su ma'ajiyar littattafai, inda mai wucewa zai ɗauki ɗaya kyauta ya ajiye wani. A can babu mai talla, babu mai roƙon a karanta. Littafin da ya san darajar lokacin mutane shi ake ɗauka, sauran kuwa ƙura ta rufe su.

Allah Ya sa namu su kasance cikin waɗanda ake ɗauka, amin.