Uwargida, Idonki Ma Yana Da Haƙƙi A Kanki

  A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani ciwo da ya zama ruwan dare a tsakaninmu mata, wanda da yawanmu muke ɗora wa rana ko aikin gida ko tunani, alhali abin da ke jawo shi yana cikin tafin hannunmu. Ina nufin ciwon kai da gajiyar ido da ke biyo bayan ƙura wa fuskar waya ido, musamman ƙaramar waya.

A Islamiyyar matan aure da nake koyarwa a nan Ƙofar Kibo cikin birnin Zazzau, da wuya mako ya wuce wata ɗaliba ba ta ce mini, "Malama, a yi mini uzuri yau, kaina kamar zai tsage," ko kuwa, "Malama, harafin rabuwa biyu yake yi mini." Idan na tambaye ta yaushe take bitar karatunta, amsar kusan iri ɗaya ce: sai dare ya yi, ta gama wanke-wanke, yara sun yi barci, an ɗauke wuta, sannan ta shiga gidan sauro ta kwanta ta buɗe Alƙur'ani a waya. Niyyarta mai kyau ce, Allah Ya ba ta lada. Amma idon da take karatun da shi ya wuni yana aiki, domin kin san matan birnin Zazzau da sana'ar ɗinkin hula da aikin babbar riga, wanda allura da zare ne tun safe. Ga shi da dare an sake ɗora masa wani nauyin.

Ki tuna, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, aikinta kira ne da ɗan gajeren saƙo, minti biyu an ajiye ta. Yau kuwa ita ce Mus'hafinmu, ita ce littafin azkar, a cikinta muke karanta labaran marubuta da ake turowa a WhatsApp, a cikinta muke tallan atamfa da turaren wuta. Kuma galibin wayoyin da ke hannun matan gida masu sauƙin kuɗi ne, masu ƙaramar fuska, wasu ma na gado ne daga maigida, gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo.

Dubi misalin Mus'hafin Madina da aka fi sakawa a waya. Shafi 604 ne, kusan kowane shafi layi 15. A takarda shafin yana da faɗin da ido zai sake. A waya kuwa an matse layukan nan 15 a wurin da bai kai tafin hannunki ba. Rubutun Larabci kuma ba kamar boko ba ne, ɗigo ɗaya ke raba ba da ta da sa, wasali ɗaya ke canza ma'ana, saboda haka dole mai karatu ta tantance kowace fataha da kisira da shadda. Kakanninmu da suka yi karatun allo a gaban wutar kara da dare, baƙin da ke kan allonsu manya-manya ne, an rubuta da alƙalami mai kauri. Mu kuwa ga haske a hannu, amma harafin ya koma kamar ƙwayar gero.

To mene ne ke faruwa a cikin ido? Masana sun yi bayanin cewa akwai wata 'yar tsoka a cikin ido da take ɗaurewa duk lokacin da kika kalli abu na kusa, ta saki idan kika kalli nesa. Haka nan idanun biyu sai sun karkato ciki kafin su haɗu a kan abin da ke gaban hancinki. Iya kusancin abin, iya wahalarsu. Wani bincike da aka yi a wata kwalejin nazarin ido da ke birnin New York na Amurka a 2011 ya nuna mutane sun fi matso da waya kusa da fuska fiye da yadda suke riƙe littafi: takarda akan riƙe ta a tazarar santimita 40, waya kuwa wajen 32 zuwa 36. Dalili a fili yake, rubutun ƙanana ne. Ki ɗauki kofin ruwa ki miƙe hannu da shi. Ba shi da nauyi, amma ki riƙe shi haka na awa guda ki ji abin da kafaɗarki za ta gaya miki. Haka tsokar ido take, kukanta shi ne ciwon nan da kike ji a goshi, da saman gira, da gefen kai.

Abu na biyu shi ne ƙiftawa. Allah cikin hikimarSa Ya sa muna ƙifta ido kimanin sau 15 a minti ɗaya ba tare da mun sani ba, kowace ƙiftawa tana shafa wa ido ruwan da ke jiƙa shi. Da zarar an ƙura wa waya ido, ƙiftawar takan ragu zuwa sau 5 ko 7. Sai ido ya bushe, ki ji yana yaji kamar an watsa miki yashi, ya yi ja, wani lokaci ma ya riƙa zubar da hawaye. Mu nan Arewa abin ya fi tsanani da hunturu, lokacin da iska ta bushe ga ƙura. Ki haɗa da hayaƙin itace a madafa, da fanka mai bugun fuska da bazara.

Na uku, zama da kwanciya. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5. Idan kika sunkuyar da shi kan waya na tsawon lokaci, jijiyoyin wuya ne ke ɗauke da shi, daga nan ciwo ya haura ƙeya ya zagayo goshi. Karatu cikin duhu kuma, ɗaki baƙi ƙirin waya na walƙiya, yana ƙara wa ido wahala, ya kuma kore barci. Mace ta kai ƙarfe ɗayan dare, ta tashi da asuba, ina kai zai ƙi ciwo?

Kada hankalinki ya tashi. Likitocin ido sun ce irin wannan gajiya ba ta makantar da mutum, tana wucewa idan ido ya huta. Maganinta kuma yawanci ba ya cin ko sisi.

Da farko ki ƙara girman rubutu. Kowace waya tana da wurin da ake yin haka, idan ba ki gane ba ki miƙa wa ɗanki ko ƙaninki, minti ɗaya ya gyara miki. Na san uzurin masu hadda, sukan ce mini, "Malama, idan na ƙara girma shafin ya wargaje, ni kuwa da hoton shafi nake riƙe karatu." Gaskiya ne, mai hadda tana tuna aya da wurin da take a shafi. Shawarar da nake ba su ita ce, hadda da doguwar tilawa a yi su da Mus'hafin takarda mai manyan baƙi, da rana ko a wurin da haske ya wadata. Waya a bar ta don tafiya, da zaman jira a asibiti, da kwanakin da mace ba ta salla, tunda malamai da dama sun ba da fatawar cewa taɓa waya ba ɗaya yake da taɓa Mus'hafi ba. Idan dole sai a wayar, ki juya ta a kwance, layukan za su ƙara girma. Da watan Ramadan, mai son sauke Alƙur'ani tana karanta izu biyu kullum, wato kimanin shafi 20. Ki rarraba su bayan salloli biyar, shafi 4 kowace salla, ya fi ki tara su gaba ɗaya bayan Tarawihi.

Na biyu, akwai wata ƙa'ida da likitocin ido ke koyarwa, ta 20 sau uku: duk bayan minti 20, ki ɗaga kai ki kalli abin da ke nesa da ke kamar ƙafa 20, wato mita 6, na tsawon sakan 20. Tsakar gidajenmu na cikin birni sun ishe ki. Ki kalli ƙarshen katanga, ko kan bishiyar rimi, ko hasumiyar masallacin unguwa, ki yi tasbihi goma kina ƙifta ido sosai, sannan ki koma. A ajina, duk sanda muka kai ƙarshen shafi nakan sa kowa ta ɗaga kai ta dubi waje ta taga. Da farko dariya suke yi, yanzu su ke tuna mini.

Na uku, kada ki yi karatu a duhu. Ki kunna 'yar fitila mai caji a gefenki, ki rage hasken waya ya yi daidai da na ɗakin. Ki zauna, ki ɗago wayar ta kusa daidai da fuskarki, da tazarar kamu ɗaya. Idan ido ya gaji kuma zuciya na son Alƙur'ani, ai kunne yana nan. Ki kunna karatun Husari ko Minshawi ki lumshe ido kina bi, sauraro ma ibada ne, kuma yana gyara tajwidi.

Yanzu ga abubuwan da nake roƙonki ki guje musu. Kada ki mai da farasitamol abincin kullum. Likitoci sun tabbatar cewa mai shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana iya komawa ya zama mai jawo ciwon. Kada ki aika yaro kemis ya sayo maganin ɗigawa don kawai ido ya yi ja, domin wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin da idan aka daɗe ana sawa yana haddasa hawan jinin ido da yana, kuma ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa. Ruwan suga, ruwan albasa, nonon mai shayarwa, da ruwan ganyayyaki, duk ba wurinsu ba ne ido. Tabaran nan kuma da ake talla wai suna tare shuɗin hasken waya, wani babban nazari da aka fitar a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwaje 17, bai ga alamar suna rage gajiyar ido ba. Ki adana kuɗinki don gwajin ido na gaskiya.

Akwai wata baiwar Allah a ajina, ta haura shekara 40, karatunta mai daɗi ne, sai na lura ta fara miƙe hannu da waya can nesa tana runtse ido, tana yawan ɓata a inda da ba ta ɓata. Na ja ta gefe na ce, "Yaya, ko za ki je a duba idon nan?" Ta ce, "Malama, kunya nake ji in sa gilashi a ce na tsufa, kuma an ce yana cinye ido." Na ce mata daga shekara 40 zuwa sama kusan kowa ganinsa na kusa yana raguwa, halitta ce kamar furfura, kuma tabarau ba ya cinye ido, sauƙaƙa masa aiki yake yi. Ta shawarci maigidanta, ya kai ta, aka ba ta tabaran karatu. Ciwon kan da ta yi shekara tana sha wa magani ya tafi, kuma yanzu tana gab da sauka.

Sai dai ba kowane ciwon kai ne na waya ba. Idan kin huta, kin gyara yadda kike karatu, mako biyu ciwo bai sauka ba, ki je asibiti. Idan gani ya dushe farat ɗaya, ko ido na zafi mai tsanani da amai, ko kina ganin bakan gizo kewaye da fitila, kada ki kwana. Mai ciwon suga da mai hawan jini su riƙa zuwa gwajin ido ko da ba sa jin komai. Ke kuma mai juna biyu, ki saurare ni da kyau: ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi da kumburin fuska ko hannu, alama ce ta hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga. Wannan ba a jira gari ya waye. Alhamdu lillahi muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Ba zan rufe ba sai na taɓo yaranmu, domin su abin ya fi shafa. Idon yaro yana kan girma, kuma yawan kallon kusa tare da ƙarancin fita waje yana da alaƙa da matsalar rashin ganin nesa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. A Taiwan, da matsalar ta yi yawa, tun 2010 aka ƙarfafa wa makarantu gwiwa su riƙa fitar da yara waje minti 120 kullum, kuma an ga sauƙi. Mu da Allah Ya ba rana kyauta, bai kamata mu riƙa miƙa wa yaro waya don ya yi shiru ba. Ki bar shi ya yi langa da 'yar gala-gala a ƙofar gida kina lura da shi. Idan kuma kin ga yana matsawa jikin allo a makaranta ko yana runtse ido, a kai shi gwaji kafin a kira shi daƙiƙi.

'Yar uwa, ya zo a Sahihul Bukhari cewa sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya kasance yana azumi kullum yana kuma raya dare gaba ɗaya, sai Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya lissafa masa masu haƙƙi a kansa, a ciki har da jikinsa da idonsa da iyalinsa. Idan an ce wa mai tsayuwar dare ya sassauta wa idonsa, ina ga mai karanta labari a WhatsApp har ƙarfe biyu? Wannan ido da shi za ki duba karatun 'ya'yanki, da shi za ki zura zare a allura, da shi kike fatan karanta Alƙur'ani har tsufa. Yau da dare, kafin ki buɗe wayar, ki kunna fitila ki ƙara girman harafi.

Allah Ya ƙara mana lafiyar ji da gani, Ya sa mu yi amfani da su a abin da Ya yarda da shi, Ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.