KOGIN TWEED DA MASU ƊAURA ƘWARON ƘARYA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani kogi na ƙasar Sikotlan, da wata sana'ar hannu da ta yi suna a bakinsa.

Sunan kogin Tweed, tsawonsa mil 97 ne. Yana tasowa daga tuddan kudancin Sikotlan, ya gangara gabas, ya bi ta garin Kelso, ya faɗa teku a Berwick. Wajen gangarensa akwai inda shi ne iyakar Sikotlan da Ingila. Ruwansa garai-garai, da sanyi ƙarara, yana gudu bisa tsakuwa. Kifi iri biyu suka sa ya shahara: tirawut, mazaunin kogi, da salmon, wanda ke girma a teku sa'an nan ya hauro ya yi ƙwai.

Mu mun saba sa wa fatsa tana. Su kuwa sun lura yawancin abincin tirawut ƙananan ƙwari ne waɗanda ke ƙyanƙyashewa a ƙarƙashin ruwa su taso sama. Don haka sai su ɗaura wa ƙugiya zare da gashin tsuntsu, har ta yi kama da ƙwaron. Iri biyu ne: akwai mai tsayawa bisa ruwa, akwai mai nutsewa, watau wanda nake zance a kansa.

Ga yadda ake yi. A kan matse ƙugiya a bakin wani ɗan ƙarfe, sau da yawa ba ta kai rabin inci ba. A murza wa zaren siliki kaki, a naɗa shi jere da jere, shi ne jikin ƙwaro. Kāna a bi shi da siririyar waya mai ruwan zinariya, don ƙyalli da ƙarko. A ɗauko gashin wuyan kaza, a zaga wuyan ƙugiya da shi sau ɗaya ko biyu, ya zama ƙafafu. Na kaza ake so, gama yana da laushi, yana shan ruwa, yana kuma motsi kamar mai rai. Na zakara da tauri, ya kan hana nutsewa. Daga ƙarshe a ɗora fiffike, a kwantar da shi baya, a ƙulle zare. Masunci ya kan jera uku a igiya guda.

A ƙauyen Sprouston kusa da Kelso, cikin shekarar 1854, wani limamin coci na Durham, William Greenwell, ya ga kifi na cin wani ƙwaro suna ƙin nasa. Ya kai bayaninsa wurin James Wright, gwanin ɗauri na ƙauyen. Wright ya ɗauki siliki rawaya, ya murza masa kakin dukawa har ya koma kore-kore, ya sa gashin kaza ja mai baƙin tsakiya, da fiffike daga wani tsuntsu mai duhun gashi. Aka sa masa suna Greenwell's Glory, har yau ana kama kifi da shi. Cikin 1857 kuma W. C. Stewart, mutumin Edinburgh, ya fitar da littafi yana gargaɗin a rage gashi, kada a cika. Baƙin Gizo-gizonsa ba shi da kome sai siliki ruwan ƙasa da gashin ɗan tsuntsu guda. Mutanen Yorkshire, can kudu cikin Ingila, su ma hanyarsu ke nan: siliki ruwan lemo da gashin bayan makwarwar ƙasarsu, shi ke nan an gama.

To, na salmon ba haka yake ba. Wajen shekarar 1850 wani mai suna Jock Scott, wanda ke wa wani basarake hidimar su a Tweed, ya ɗaura wani ƙwaro da ake kira da sunansa. Kayansa sun fi iri goma, har da gashin ɗawisu, da na jimina, da na zabon nan namu, da na tsuntsayen Indiya da Amurka ta Kudu. Abin mamaki, salmon ba ya cin abinci in ya hauro kogi. Ashe yawancin adon nan na idon mutum ne. Kwaɗayin irin wannan gashi bai ƙare ba, gama cikin 2009 wani saurayi Ba'amurke ya fasa gidan ajiyar kayan tarihi na Tring a Ingila, ya sace fatun tsuntsaye 299 don a yi ɗauri da su. Masana sun yi hasarar da ba ta da magani.

Kifin kansa ya ragu. Cikin 2023 aka sa salmon na Biritaniya cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. A Tweed ba a kamunsa ran Lahadi, wanda aka kama daga 1 ga Fabrairu zuwa 30 ga Yuni kuwa tilas a mai da shi ruwa da ransa.

Jama'a, ku duba. Ƙwaron da aka yi da gutsuren zare da gashin kaza ya wuce shekara 170 yana aiki, don wanda ya yi shi ya fara da duban abin da kifi ke ci. Mai tsada kuwa ya jawo wa tsuntsaye ɓarna. Ina roƙon malaman makarantu su riƙa fita da yara bakin rafi, su ɗaga dutse su ga abin da ke ƙarƙashinsa, su san sunansa da lokacinsa. Wanda ya san abin da ke cikin kogi ba ya yarda a zuba masa guba.

 

Ni ne naka,
Wani Akawu