Kwancen Waya Da Ƙararrakin Da Take Jawowa Zaure

Mu da muke riƙe da alƙalami a zauren Maigida, muna rubuta abin da aka kawo da yadda aka sasanta, mun lura cewa littafinmu ya sauya kama. A da rigimar haya ce da bashin goro da rabon gado suke cika shi. Yau da wuya wata ya ƙare ba a shigo da ƙara a kan waya ba, kuma kusan kullum kwance ce, wadda aka saya don gudun tsadar sabuwa.

Ba mu ga laifin mai neman sauƙi ba. Sidi ba ya auki, waya kuwa ta daina zama ado. A cikinta kuɗin MoMo suke, da ita tsohuwa ke jin muryar ɗanta da ke Saudiyya ko Jamus, ta ita ake sanar da suna da ɗaurin aure da jana'iza. Wanda ya sayi matacciya ya yi asarar kuɗi, ya kuma yanke daga dangi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne asalin wayar. A Adum nan Kumasi, ko Circle a Accra, wadda kakanninmu ke kira Ankara, akwai masu shago da aka sani da suna da mazauni, akwai kuma mai tare ka a bakin titi ya zaro waya daga aljihu yana waige-waige. Labarin wanda ya biya kuɗin waya ya isa gida ya kwance ƙunshi ya tarar da sandar sabulu kowa ya ji shi, har ya zama abin dariya. Wanda ba a yi wa dariya shi ne yaron da ya tarar da wayar gaske, mai kyau, a rabin kuɗinta. Dokar laifuka ta Ghana, Act 29 ta 1960, tana hukunta mai karɓar kayan da ya san na sata ne kamar wanda ya sata, kuma farashin da ya faɗi ƙasa warwas yakan zama hujja a kan mai saye. Tun da aka fara haɗa layuka da Ghana Card a 2021, duk layin da aka sa a waya yana ɗauke da sunan mutum. Mun taɓa kwana biyu muna zirga-zirga tare da Maigida a kan wani matashi mai ɗinki da aka bi sawun waya har shagonsa. Bai saci kome ba, amma da aka ce ya nuna wanda ya sayar masa, sai ya ce wani ne mai jar riga. Mahaifiyarsa ta sayar da zannuwanta kafin maganar ta mutu.

Saboda haka muke cewa a fara da lambar wayar kanta. A danna *#06#, lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, mai layi biyu kuma guda biyu take nunawa. A gwada ta da wadda ke jikin kwali in akwai kwali, sannan mai sayarwa ya rubuta ta a rasit tare da sunansa da lambarsa da kwanan wata. Wanda ya ƙi rubutawa ya riga ya ba ka amsa. Mu da muka yi karatun zaure ba baƙon abu ba ne a wurinmu: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, ita ce ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaida a ciniki. Babin ciniki na Risalar Ibn Abi Zaid ma ya karantar da mu cewa ɓoye aibi haramun ne, mai saye yana da damar mayar da kaya in aibin ya bayyana, kuma ya halatta a yi sharaɗin 'yan kwanakin gwaji. To, a nemi kwanakin nan da baki, a sa su a takarda. Kwana uku sun isa batir ya tona asirin kansa.

Batir ɗin ne ma abin da ya fi yaudarar jama'a. Fuska tana sheƙi, baya ba ƙwarzane, amma kafin azahar waya ta mutu, mu kuwa mun san dumsor. A iPhone akwai wurin da ke nuna lafiyar batir, in ta sauka ƙasa da kashi 80 a lissafa kuɗin sabo a cikin ciniki. Sauran wayoyi sai a zauna da su rabin awa ana kallon bidiyo a ga yadda cajin ke zuba, a kuma shafa bayan ko ya kumbura. Wadda aka ce an yi mata kwaskwarima, a tambaya me aka canja, domin gilashi mai araha yakan dushe a rana har ba a iya karanta saƙo.

Akwai tarkon da 'yan uwanmu na waje ke jefa mu ciki da kyakkyawar niyya. Wata wayar Amurka a kulle take da kamfanin layin can, ba ta karɓar MTN. IPhone 14 da na bayanta da aka sayar a Amurka ba su da ramin sa sim ko kaɗan. Wadda kuma tsohon mai ita bai cire asusunsa na iCloud ko Google ba, ranar da aka wanke ta za ta nemi kalmar sirrinsa, shi kuwa yana wata duniya. A sa mai sayarwa ya wanke ta a gabanka, ka shigar da naka kafin kuɗi su bar hannunka.

Ra'ayinmu, wanda muka san samari ba za su so ba, shi ne ga dattijo ko mai sayar da koko da ƙosai, sabuwar Tecno ko itel mai garanti ta fi tsohuwar iPhone mai suna. Kayan gyaransu suna ko'ina, kowane yaro a Aboabo ya iya buɗe su. Abin lura kawai shi ne ma'ajiya: 32GB ba ta jure wa'azi da hotunan biki da ake turowa a WhatsApp, a nemi 64GB in hali ya yi. Wadda ta tsufa ƙwarai kuma WhatsApp kan daina aiki a kanta, kamar yadda ya bar masu Android 4.4 a 2023.

Saura wata ƙara da muke jin kunyar rubutawa, don ba ta kasuwa ba ce, ta cikin gida ce. Ana saya wa tsohuwa waya, jika ya saita mata, shi ya zaɓi lambar sirrin MoMo, bayan wata biyu a zo zaure ana kuka kuɗin adashi sun yi ƙafa. Yanzu idan aka kawo wa Maigida waya ya sa albarka, yakan sa a kira Hajiya ta shigo, a miƙa mata, kowa ya juya baya, ta danna alƙalumanta huɗu da yatsanta.