Ƙafar Keke Ma Ƙafa Ce

A wannan wata za mu ɗauke ku zuwa Sinja da ƙauyukanmu na bakin kogi, inda mu biyu, wa da ƙane, muka kai wa iyayenmu ziyarar ba-zata a kakar shekarar 2025.

Duk mai tsofaffi a ƙauye ya san halinsu. Ka buga waya ka ce yaya gida, a ce lafiya lau. Yaya abinci, a ce alhamdu lillahi. Ko rufin ɗaki ne ya rufta, ba za ka ji a bakinsu ba. Idan kuwa ka ce kana tafe, to ka ɗora musu nauyi, domin za a kama 'yar akuyar da ta rage a yanka, a ciyo bashin sukari da gahawa, a kawar da duk abin da ba a so ka gani. Mu kuwa so muke mu ga gidan yadda yake a ranar da ba a sa ran kowa. Rabonmu da su tun kafin yaƙi ya shiga Madani a watan Disamba na 2023, lokacin da muka tsere zuwa Bur Sudan. Mun dawo bakin aikinmu bayan an buɗe hanya a farkon 2025, amma muka yi ta cewa sai wata mai zuwa, har damina ta shiga ta fita. Ba mu da wani uzuri mai ƙarfi a kan wannan, kuma watakila kunyar haka ce ta sa muka yi watanni muna tara kuɗi, da niyyar mu saya wa Baba babur ya huta da tsohon kekensa.

Ranar Alhamis da hantsi muka shiga mota daga Madani. Hanyar ta bi yammacin kogi, ta Hajj Abdalla da Wad Haddad, ga magudanan ruwan Jazira a hannun dama, wasu da ruwa wasu ciyawa ta cinye su. Shingayen bincike sun ci mana lokaci, sai bayan azahar muka shiga Sannar. A shekarar 2025 madatsar ruwan Sannar ta cika shekara 100 cif, tunda a 1925 aka gama ta, kuma ruwanta ne ya raya gonakin audugar da kakanninmu da yawa suka yi wa cira, suna tara guzurin ƙarasawa Makka. Wasu sun ƙarasa, wasu Allah Ya yi a nan ƙasarsu take. Kaɗan da fita Sannar sai ga Mai Wurno, garin da ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya jagoranci ragowar masu hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba mu taɓa wucewa ta nan ba tare da wani a cikin mota ya juya harshe zuwa Hausa ko Fulatanci ba, kuma ranar ma haka aka yi.

Da la'asar sakaliya muka sauka a Sinja, wadda ita ce hedkwatar jihar Sannar tun 1994. Garin yana nan da ayabarsa da inuwar mangwaronsa, sai dai wanda ya san shi da can zai ga ƙofofin shaguna da aka ɓalle aka mayar, da ramukan harsashi a jikin wasu gine-gine. Motar ƙauyenmu ta riga ta tashi, mai raksha kuwa ya faɗi kuɗin da ya sa muka dubi juna. Sai ƙaraminmu ya ce mu leƙa wajen mai gyaran keke, wato ajalati kamar yadda muke cewa a nan, mu gani ko yana raye.

Yana nan a gindin bishiyarsa, da kwanon ruwan da yake tsoma tiyub yana neman inda kumfa za ta fito, da gwangwanin sholisho, wanda yaran yanzu suka fi sani da silisiyon. A wurinsa muke hayar keke na awa guda muna yara, da kuɗin da muka samu a tsintar riɗi, kuma sau nawa ya ja mana kunne saboda mun dawo da ƙafa a lanƙwashe. Ya ɗaga kai ya dube mu, bai tambayi suna ba, ya ce, "'Ya'yan Malam ne? Ya san kuna tafe?" Muka ce a'a. Ya yi dariya ya ce to Allah Ya raba mu da faɗan tsohuwa, ya jawo kekuna biyu ya ba mu, ya ƙi karɓar ko sisi.

Jama'a, wanda bai ƙetare gadar Sinja a kan keke da yamma ba, akwai abin da ya rage masa a duniya. Kogin ya fara janyewa bayan cikar damina, manoman bakin ruwa suna bin danshin da ya bari suna shuka, rana tana bayanmu, iska tana kaɗa jallabiya. Shekara ta fi goma rabonmu da taka feda, amma ƙafa ba ta manta ba, cinya ce dai ta yi ƙorafi. Da muka sauka daga kwalta muka kama 'yar siririyar hanyar da kekuna da jakuna suka daddaɓe, wadda take ratsa kurmin bagaruwa. Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce. Da rani takan tsattsage har ƙafar keke ta faɗa ciki, da damina kuwa ta riƙe ka kamar mai bin ka bashi. Ƙayar bagaruwa kuma ba ta san girman kowa ba, shi ya sa ba a rasa mai faci a kowane ƙauye.

Ana kiran magariba muka jingine kekuna a zaure muka yi sallama. Inna tana bakin murhu. Ta juyo, ta tsaya da muciya a hannu, ta yi salati, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Da ta samu natsuwa, babbanmu bai samu ko kallo ba, tunda ɗan fari ne kuma har yau ba ta kama sunansa, sai ta huce a kan ƙaramin. "Kai ma har da kai? Ba ku ji an ce baƙo ba sallama mugu ne ba? Yanzu me zan ba ku?" Abin da ke cikin tukunyar shi muka zo gani, kuma mun gani: tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, babu nama, babu mai. Garken awakin da muka sani saura biyu. Ɗakin Baba an rufe rabinsa da leda.

Baba bai dawo ba sai bayan isha. Tun daga nesa muka ji ƙarar kacarsa, wadda za mu iya ganewa cikin kekuna ɗari. Ya shigo da buhun gawayi da galan biyu na ruwa a ɗaure a kariya, dattijon da ya haura saba'in. Bai nuna mamaki ba ko kaɗan, ya ce, "A'a, 'yan birni ne? Ku kama mini nan."

Wannan keke Raleigh ne na Ingila, baƙi, mai birkin ƙarfe, wanda Baba ya saya tun zamanin Numairi da kuɗin auduga, kafin Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa. A kansa aka kai mu makarantar allo, ɗaya a sanda ɗaya a kariya. A kansa muka koyi tuƙi, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda saboda ba mu kai sirdi ba. Ranar Juma'a kuwa aikinmu ne mu wanke shi, mu goge wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya da tsumma da kananzir, kuma har faɗa muke yi a kan wanda zai kaɗa ƙararrawa. Da muka haska shi da tocila a daren nan, sai muka ga babu ƙararrawar, babu marufin ƙafa na gaba da na baya, tayar baya kuma an ɗaure ta da igiya a wuri biyu. Muka tambaya. Baba ya ce a kawo shayi tukuna.

A ƙarshen watan Yuni na 2024 yaƙi ya iso Sinja, mutane suka watse, kuma sai a 23 ga Nuwamba sojoji suka sake karɓar garin. Wannan kowa ya sani. Abin da ba mu sani ba shi ne yadda namu suka fita, domin duk abin da aka gaya mana a lokacin da waya ta samu shi ne, "Mun fita lafiya." Ashe masu motoci da babura su aka fara tarewa a hanya ana karɓewa. Maƙwabcinmu da ya fita da babur, a ƙafa ya ƙarasa. Baba kuwa ya ɗora Inna a kariya, saboda ciwon gwiwarta, ya rataya ƙullin gari da buta a gaba, ya riƙa turawa, jikokinsa biyu suna biye. Damina ce, laka tana cushewa tsakanin taya da marufinta har ƙafa ta daina juyawa. A rana ta biyu ya kwance marufan ya jefar. Da tiyub ya fashe babu faci, ya cusa tsummoki da ciyawa a cikin tayar. Ƙararrawar kuwa da hannunsa ya cire ta, don kada ta yi ƙara da dare. Kwana shida suka yi kafin su kai ƙauyen dangin Inna a wajen Hawata. Ya ce sau uku masu bindiga suna tsayar da su, su dubi keken, su dubi tsohuwa a kai, su ce su wuce.

Inna ta ce daga bakin ƙofa, "Malam, ka faɗa musu sau nawa ka kayar da ni." Ya ce sau biyu ne kawai, na ukun ita ta yi motsi.

Da safe bayan an sha gahawa muka kawo maganar babur, muka ajiye kuɗin a gabansa. Ya ƙirga, ya sa mana albarka, ya turo mana abinmu. Ya ce babur yana shan fetur, shi kuwa kekensa tuwo yake sha. Ya ce babur yana jan ido, kuma ya ga abin da jan ido ya jawo wa mutane. In ya lalace sai an nemi bakanike da kayan da sai an aiko daga Hartum, keke kuwa da filaya da sifana ɗaya yake kwance shi ya ɗaura. Muka ce, "Baba, girma ya zo, wannan lodi ya fi ƙarfinka." Ya ce ranar da ya daina hawa, ranar ƙafafunsa za su ƙi shi. Sa'an nan ya ƙara da wadda ta fi shiga jikinmu: "An ce zumunta a ƙafa take. To ƙafar keke ma ƙafa ce. Da ita nake zuwa jana'iza da suna a ƙauyuka bakwai. Ku da kuke da mota a bakin ƙofa, shekara biyu ba ku zo ba."

Ba mu da amsa. Har yanzu dai muna ganin bai kamata mai shekarunsa ya riƙa ɗaukar buhun gawayi ba, kuma mun faɗa masa haka a gaban Inna, wadda ta goyi bayanmu. Amma a batun babur shi ke da gaskiya, mu ne muka yi lissafi irin na mutanen kwalta.

Muka tafi masallacin Juma'a a jere, kekuna uku, shi a gaba. A ƙofar masallacin mun ƙirga kekuna sun fi ashirin a jingine, babura biyu kacal. A cikin sahu akwai 'yan uwanmu da rikicin Yuli na 2022 ya koro daga wajen Rusairis, waɗanda gudun 2024 ya zama na biyu a gare su. Bayan salla aka yi ta zuwa gaishe mu, ana yi wa Baba barka, kuma kafin la'asar ɗaya daga cikin awaki biyun nan ta riga ta shiga tukunya. Duk dabararmu ba ta cece ta ba, kwana ɗaya kawai ta ƙara mata.

Ranar Asabar da sassafe muka koma Sinja tare da shi. A wajen ajalati aka sa wa Raleigh tayoyi da tiyub sababbi, da kaca, da robar birki, aka ɗaure wayoyin ƙafa har ta daina rawa. Marufin ƙafa dai Baba ya ce a bar shi haka, wata damina tana zuwa. Ƙararrawa ce kawai ya tsaya ya zaɓa da kansa, ya kaɗa guda huɗu kafin ya yarda da ɗaya. Sauran kuɗin muka sayi kwanon rufi, da akuya mai ciki, da Phoenix na hannu domin babban jikansa, bisa sharaɗin cewa daga yau gawayi da ruwa aikin yaron ne. Baba ya ce ya ji. Ajalati ya dube mu ya girgiza kai.

Ya raka mu har tashar motar Sannar, ya tsaya yana riƙe da kekuna biyu, nasa da na yaron. Da mota ta tashi muka ji ƙararrawar sau biyu. Saƙon Inna kuwa tun a zaure ta ba ƙaraminmu ya isar wa wansa: in muka sake zuwa ba mu aiko ba, a zauren za mu kwana tare da kekunan.